Rijiya Mai Gaba Biyu

Mutanen wannan shafi, ina gaishe ku da zafin bazara. Masu turo mini saƙo suna cewa Iya Bashira kin cika sa ido, na gani, na gode. Idon dai nawa ne, ba aro na yi ba. Yau zancen jikata Salihatu na kawo muku, kuma tun yanzu ina faɗa, akwai bakina a ciki.

Ga wanda bai san ta ba, Salihatu 'yar ɗana Haliru ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin labarin ƙasa. Aikin da malamanta suka ba ta kafin su sallame ta shi ne ta dawo Kontagora ta gano alamomin da ke nuna gari yana canzawa. Da ta faɗa mini na ce, wannan ai ba sai an biya kuɗin makaranta ba, ki zauna a ƙofar gida ki ga yawan babura. Ta ce ba irin wannan ba, Iya. Ita rijiyoyi take bi tana auna zurfin ruwa. Tana ƙirga ɗorawa da kaɗanyar da suka rage a bayan gari, da motocin gawayi masu shigowa ta hanyar Mashegu. Har mahauta ta je neman ungulu, ta dawo tana jimami wai babu ko ɗaya. Na ce ikon Allah, na ga zamanin da budurwa ke kewar ungulu.

Shigar da take yi kuwa, ko ni da na yi mata wanka tana jaririya ba na gane ta. Hijabi ruwan toka har gwiwa, malafa irin ta makiyaya a kan hijabin, takunkumi a hanci saboda warin kwata, takalmin kambas, ga igiya mai ƙulli-ƙulli, gaba ɗaya ƙulli ɗaya, da ɗan ƙarfe a bakinta rataye a kafaɗa. Abokiyar karatunta Eunice, wata 'yar Zuru mai yawan dariya, ita ke riƙe waya tana ɗaukar hoto.

To, akwai Abdulfatahi. Yaro ne ɗan mutanen Auna, yana da shagon siminti da rodi a kan hanyar Yauri. Ba shi da laifi: dogo, mai tsafta, in ya zo zance sai ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure, kuma bai taɓa zuwa bai ajiye mini goro fari ba. An kawo lefe, an sa rana kafin ruwa ya sauka. Gida ma ya gina, sai dai ya ƙi faɗin inda yake. Amarya dama ba ta zuwa ganin gidanta, sai ranar da aka kai ta da mayafi a ka, shi kuma ya ƙara da nasa ɓoyon, wai mamaki zai ba ta. Abu ɗaya ne ya kasa riƙewa a ciki. Kullum sai ya rubuto mata:

"Gidan da zan kai ki, ke da mai ga-ruwa sai dai gaisuwa."

Ku da kuke wasu garuruwa ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A nan, in bazara ta yi bazara, rijiyarmu sai ka haɗa igiya biyu kafin guga ya ji sanyi, abin da zai fito kuma rabinsa laka. Namiji ya ce miki ga ruwa a tsakar gida, ya fi ya ce ga mota.

Ranar da abin ya faru, Salihatu da Eunice sun gangara Sabon Fegi, sabuwar unguwar nan da ke can ƙasan gari inda ake ta yanka filaye. Tun daga bakin hanya Salihatu ta fara tsuke fuska. Jar ƙasar da ake takawa zubo ta aka yi da tifa. Inda aka haƙa ramin salga, ƙasar ciki baƙa ce wuluk, mai danƙo. Bayan wata katanga ga ciyawar kacala mai son ruwa ta yi kore shar, a watan da ko akuya ba ta samun ɗanyen ganye. Sai suka zo wani sabon gida mai fenti ruwan madara da ƙofa shuɗiya, a buɗe. Suka yi sallama. Wata dattijuwa ce a ciki, gajeriya, ta ɗaure ƙugu da tsohon zani tana share ɓaraguzan siminti.

"Sannu da aiki, Baba. 'Yan makaranta ne, muna so mu auna rijiya."

"Ku auna mana," in ji matar, fuskarta a sake. "Wannan rijiya ai abin nunawa ce. Ko yaro da guntuwar igiya zai ɗebi ruwa."

Salihatu ta zura igiya. Ƙulli na biyu bai gama wuce bakin rijiya ba ta ji ƙarfen ya ce cuɓul. Ta jawo, ta sake zurawa. Gaba biyu. A tsakiyar bazara. Ta dubi Eunice, Eunice ta daina dariya. Ta zagaya bayan ɗaki ta durƙusa, sai ga wani farin layi kamar an barbaɗa kanwa ya bi gindin bango, fentin wurin ya kumbura.

"Baba, ke ce mai gidan?"

"A'a, shara nake yi. Amarya za a kawo."

To ku ji jikata, wadda a gida sai ka tambaye ta sau uku kafin ta amsa. Da ta ga ba mai gida ba ce, sai bakinta ya buɗe.

"Amarya? Allah sarki. To a haɗa mata da kwalekwale a cikin kayan ɗaki. Baba, nan fadama ce aka binne. Ruwan nan da kike yabo ba albarka ba ce, gargaɗi ne. In yanzu yana gaba biyu, watan Agusta a ina kike zaton zai tsaya? Wanda ya gina gidan nan ko dai an cuce shi, ko kuma shi ne bai da lissafi."

Matar ta jingina tsintsiya da bango, ta ce, "To. Allah ya ba da sa'ar karatu."

Da yamma Salihatu ta dawo ta ba ni labari ina tsince shinkafa. Maganar kwalekwalen nan ta yi mini daɗi har na ƙware. Kuma ni in magana ta yi mini daɗi, ba ta kwana a wurina ita kaɗai.

Ba a jima ba aka yi suna a Tudun Wada, gidan wata 'yar ƙawata. Na ci ado da leshina mai ruwan ƙwai, na samu tabarma a inuwa kusa da wata baƙuwa mai atamfa kore da carbi a hannu. Aka kawo waina da miyar taushe, hira ta yi hira, aka gangaro kan tsadar ruwa. Na ce ku tsaya ku ji abin da jikata ta faɗa wa wata mai shara a Sabon Fegi. Na ba da shi tiryan-tiryan, har na ƙara gishiri, na ce da kwalekwale da matuƙinsa. Mata suka kwashe da dariya. Baƙuwar nan ba ta yi ba.

"Jikar taki," in ji ta, "mai malafa a kan hijabi?"

"Ita ce! Ashe har kin ji labarin?"

"Wace ce ita a garin nan?"

Ni kuma da alfahari: "Salihatu ta gidan Malam Haliru. Ita ce ma za ta auri yaron nan mai siminti, Abdulfatahi, ɗan Hajiya Adda ta Auna."

Ta ajiye wainar da ke hannunta a hankali, ta goge yatsu.

"Ni ce Adda. Ni ce kuma mai sharar."

Jama'a, kun ji inda bakina ya kai ni. A ina zan san ta? Maza ne suka je neman aure, ƙannen uba ne suka kawo lefe, uwar ango ba ta taka gidan amarya. Ta zo ne daga Auna takanas don ta share wa surukarta ɗaki da hannunta, surukar kuma ta shigo ta ce ɗanta ba shi da lissafi.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da Haliru a tsakar gida, hularsa a hannu, yana zagaye turmi. Ba ya iya yi mini faɗa, don haka duk ya juye a kan 'yarsa.

"Karatun ke nan? A aike ki ki auna rijiya, ki je ki auna surukarki? Wa ya tambaye ki? Mutum ya kashe abin da ya tara ya yi miki gida, ladan da zai samu ke nan, a yi masa dariya a gidan suna?"

"Baba, wallahi ban san gidan ba ne."

"Da kin sani fa?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Da na faɗa masa shi kaɗai."

Ya dube ni, na dubi shinkafata.

Ta shige ɗaki, na bi ta da sunan neman allura. Tana zaune a bakin gado, akwatunan lefe a jere a bayanta, wayar tana ta haske. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma in saƙon wani ne idona yana gani sarai.

Shi: "Kwalekwale ko?"

Ita: "Don Allah ka yi haƙuri. Ban san naka ba ne."

Shi: "Namu. Ko yanzu ya zama nawa ni kaɗai?"

Ita: "Namu. Shi ya sa nake tsoro."

Shi: "Injiniya ya duba wurin. Mutum nawa suka saya a layin. Duk ba su da lissafi sai ke?"

Ta tura masa hotuna biyu, irin waɗanda ake ɗauka daga sama. Na leƙa. Na farko tsoho ne, wurin kore shar, har da wani siririn rafi kamar zare. Na biyu na bana, rufin kwano ne ko'ina. Ta rubuta masa cewa da can ruwan saman gari ƙasa ke shanye shi, yanzu duk an rufe ta da kwano da siminti, ruwan ba shi da wurin zuwa sai gangare, gangaren kuma shi ne ƙofar gidansu. Ya buɗe saƙon, alamar ta nuna ya gani. Bai amsa ba.

Ta kifa wayar, ta ce, "Iya, kin kashe ni."

Na ce, "Ni na zura igiyar?"

Washegari aka aiko daga gidan ƙanen Hajiya Adda, inda ta sauka. Saƙon gajere ne: a kawo mata mai malafar, a haɗo da mai ba da labari. Abin da ba a yi, amarya gaban uwar miji tun ba a ɗaura ba. Kowa ya gane auren ne a kan siraɗi. 'Yata Madina, gwaggon Salihatu, ita ta ja tawaga. Ta sa yarinyar ta saka atamfa mai duhu da babban mayafi, ta hana ta ko kwalli, ta ƙulla goro da turare a leda. A cikin Keke Napep tana ta haddace mata:

"Kina shiga ki zube. Ki ce Inna na tuba, yarinta ce, igiyar ce ta ruɗe ni, gida lafiyarsa ƙalau. Shi ke nan. Ki maimaita."

"Gwaggo, igiyar ba ta ruɗe ni ba."

"To ta ruɗe ki yau! Ke aure kike so ko rijiya?"

Salihatu ta juya tana kallon titi. Tana son yaron nan, kar ku yi shakka. Na sha kama ta tana shinshina kwalbar turaren da ya ba ta.

Muka tarar da Hajiya Adda a kan darduma, ta miƙe ƙafa, ga kwandon busasshen kifin Auna a gefe tana ɓarewa. Abdulfatahi yana tsugune a bakin ƙofa daga waje, shadda fara, ido ja. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta da daɗi. Madina ta tura ledar goro gaba, ta zunguri Salihatu.

Salihatu ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa tabarma. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Inna, na yi rashin kunya. Na faɗi magana a kan wanda bai kamata ba, a gaban wadda bai kamata ba. Ki yafe mini."

"Na ji wannan," in ji Adda. "Gidan fa?"

Madina ta sake zungurinta, har sai da na ji zafin a nawa haƙarƙarin.

"Inna, bakina ne ya yi kuskure. Awon bai yi ba."

Madina ta ce, "Innalillahi." Daga waje Abdulfatahi ya miƙe tsaye, uwar ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta dube shi ba, ya koma ya tsuguna.

"Ɗago ki dube ni. Ranar ai kin iya kallona." Salihatu ta ɗago kaɗan. "In na ce ki janye maganar nan ko a mayar wa kowa kayansa fa?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Zan bi shi ko ɗakin haya ne, Inna, ko bukka. Amma in na ce miki ruwa ba zai shiga gidan can ba, na yi miki ƙarya, kuma ke za ki zo ki tarar da jikokinki a ciki."

Adda ta ɓare kifi ɗaya har ƙarshe, ta ware ƙaya gefe.

"Ni ban san hoton sama ba," in ji ta. "Wancan mai simintin," ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "ya ce injiniya ya duba. Ke kin ce igiya ta duba. Ni ba zan raba gardamar injiniya da igiya ba. Wanda zai raba yana nan tafe, ba ya karɓar goron kowa. Aure ba a fasa ba, amma ba a kai amarya gidan nan sai damina ta wuce. Ni zan zauna a ciki. In Agusta ya fita tabarmata a bushe, ke za ki zo da malafarki ki tsaya a tsakar gidan ki ce ke ce ba ki da lissafi. In kuwa na jiƙe, shi zai nemo miki gida a kan tudu, ko da shagonsa zai sayar."

"Inna," in ji Abdulfatahi daga ƙofa, "ke kaɗai a gidan?"

"Wa ya ce ni kaɗai?" Sai ta juyo gare ni, karo na farko tun da muka shigo. "Ga mai ba da labari nan. Tunda ta iya kai magana gidan suna, sai ta zo ta gani da idonta, ta kai wadda ta tabbata. Ko ba haka ba, Iya?"

Na buɗe baki in kawo ciwon gwiwa, Madina ta riga ni: "Ai ta amince." 'Yar da na haifa ke nan.

Da muka dawo Haliru ya ji hukunci, ya ce alhamdulillahi tunda ba a fasa ba, ya kuma ce a wanke mini akwati. Na lura har da ɗan murmushi a gemunsa. Salihatu kuwa ta shige ɗaki ta kwanta da mayafinta. Tana son ta yi gaskiya, tana kuma tsoron ta yi gaskiya, don gaskiyar tata gidan masoyinta za ta ci. Na sake shiga neman allurar nan da har yau ban samu ba, sai waya ta yi ƙara. Ta duba, ta tashi zaune. Na matso da sunan gyara mata filo. Saƙon Abdulfatahi ne.

"Farin layin nan na gindin bango. Sau biyu ina sa a shafe shi da fenti yana dawowa. Na ɗauka simintin ne. Me zan yi kafin ruwa ya sauka?"

Wani saƙon ya biyo baya:

"Kar Inna ta ji. Kuma don girman Allah kar kakarki ta ji."

Salihatu ta kife wayar a ƙirji, ta dube ni. Dariya take so ta yi, kuka take so ta yi.

"Iya, kin gani?"

"Ni da ban iya karatu ba?"

Tun ranar suna tare a waya, ita tana zana masa inda zai haƙa magudana, shi yana turo hoton leburori. Ko za ta isa, ko ba za ta isa ba, ta ce ba ta sani ba, ruwan ya fi magudana yawa. Adda ban faɗa mata komai ba, na riƙe amana. Ku kuwa ai ba Inna ba ne.

Jiya aka kai ni Sabon Fegi da akwatina da buta da rediyo. Gida kam ya yi kyau, ba ƙarya, tayil har banɗaki. Kwaɗi ne dai suka tarbe mu da waƙa tun daga bakin layi, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. A ɗakin akwai gadon ƙarfe mai tsayi guda ɗaya da katifa a ƙasa guda ɗaya. Adda ta ce in zaɓa, ni ce babba. Na ce ai gwiwata ba ta son durƙuso, na haye gadon, na sa aka ɗora mini akwati a kan durowa, takalmana kuma na rataye su a ƙusa.

Ta bi takalman da kallo, ta bi ni da kallo.

"Iya, me ya sa kike rataye takalmi?"

Na ce, "Ɓeraye."